Gwiwar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. A gidajenmu na Hausawan garin Garwa, waɗanda kakanninmu suka zo fatauci daga Kano suka zauna, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ma so a ga ta damu da shi. Wasu iyayen sun sassauta yanzu. Inna ba ta sassauta ko kaɗan ba. Da ina ƙarama "waccan" nake, da na yi aure a unguwar Jambutu na koma "ta Jambutu". In tana son ludayi, ga ni ga ta, sai ta dubi wani ta ce, "Ku ce wa waccan ta miƙo ludayi." In babu kowa a tsakar gida, bango take gaya wa, wani lokacin ma kaza.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da na yi kunnen uwar shegu da gangan, ina budurwa, na ce yau sai ta kira ni da sunan da aka raɗa mini. Ta faɗa wa bango sau uku, sannan ta tashi ta ɗauko abinta da kanta. Autarmu kuwa har bayanta take cuɗa mata, suna hira suna ƙyalƙyala dariya kamar ƙawaye. To, autar ta yi aure a Kayele, 'yan'uwana maza kullum suna kan hanyar Duwala da kaya, Baba ya rasu. Sai ya zamana ni ce mai zuwa kullum in na tashi daga makarantar da nake koyar da Faransanci, in share mata ɗaki, in dama mata kunun gyaɗa, mu wuni muna magana ta hannun bango.

Bayan rasuwar Baba Inna ta rame. Dama ba jiki ne da ita ba, ga haihuwa tara, ga azumin Litinin da Alhamis da ta riƙe ba fashi. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma yana zagaya ta kusan sau biyu. A wannan lokacin ne ta fara kukan gwiwar dama. Ciwon ba kullum yake zuwa ba. In ya taso sai ta naɗe ƙafar ta rungume ta a ƙirji, ta yi amai sau ɗaya ko biyu, ta wuni a haka, washegari ta miƙe kamar ba ita ba. Muka ce sanyin ƙashi ne na tsufa, aman kuma ƙwayoyin da take sha ne ke tayar mata da zuciya. Na sayo man zafi iri-iri. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a gwiwar har sau biyu, ya nuna mana baƙin jini ya ce ga cutar nan ta fito. Shekara biyu muna jinyar gwiwa, gwiwar nan ko kumbura ba ta taɓa yi ba.

Da ciwon ya fara zuwa a kai a kai, har ta koma salla a zaune, na matsa mata muka je asibiti. Likitan da muka samu mutumin kudu ne, ba Hausa ba Fulatanci, Faransanci kawai. A ɗakin akwai wata ma'aikaciyar jinya, Bafulatana mai ɗan shekaru, wadda ta saba yi masa tafinta. Inna tana jin Fulatanci kamar kowa a garin nan. Matar ta jawo kujera za ta zauna kusa da ita, ni kuma girman kai ya motsa mini. Ni da na yi shekara goma sha takwas ina gyara wa 'ya'yan mutane Faransanci, a ce wata ce za ta yi wa uwata tafinta? Na ce mata da murmushin da ba na alheri ba, "Bar shi, madam, zan iya." Ta dube ni, ta dubi Inna, ta mayar da kujerarta.

Likitan ya ce in tambaye ta daga ina ciwon yake tasowa, ko yana hawa ta cikin cinya har zuwa matsematsi. Ni da ko kafaɗar Inna ban taɓa gani a buɗe ba, ta yaya zan dubi idonta in ambaci wannan wurin? Sai na ce, "Inna, wai ƙafar ce duka ke ciwo ko gwiwar?" Ta dubi taga ta ce, "A ce masa gwiwa ce." Ya ce in tambaye ta ko tana fita bayan gida yadda ya kamata a ranakun da ciwon ke tashi. Na ce, "Inna, wai cikinki lafiya?" Ta ce wa tagar, "Alhamdu lillahi." Na ce masa komai daidai. Ya ajiye biro, sannan ya ce yana so ta hau gado ya duba mararta da gindin cinyarta. Wannan ko juya shi ban yi ba. Na ce masa da Faransancina mai kyau, tsohuwa ce, ba za ta yarda ba, a al'adarmu ba a haka. Ban tambaye ta ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya lallatsa gwiwar, ya tura mu hoto. Hoton ya nuna ƙashi ya ɗan goge irin na kowane tsoho. Muka dawo gida da ƙwayoyi, ina jin kaina wai na kare wa uwata mutunci.

Sati uku bayan nan, ana tsakiyar zafin bazara, ciwon ya taso bai sauka ba. Rana ta farko na ce irin na kullum ne. Rana ta biyu ko ruwa ta sha sai ya dawo. Rana ta uku da safe na shigo na tarar da ita a naɗe a kan tabarma, aman da ke cikin kwano ya koma kore, da wari irin wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Na fita zubarwa, sai idona ya faɗa kan butarta ta bayan gida, wata koriya da ba mai taɓa mata. Ni na cika ta shekaranjiya na ajiye a gindin bango, ga ta nan a inda na bar ta, ruwan har baki, ƙura ta kwanta a murfin. Ashe tun ranar ba ta zagaya ba. Na koma da gudu, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗage rigarta. Matar da haƙarƙarinta ke ƙirguwa, cikinta ya tashi ya yi tauri kamar ƙwarya. Ba ta ma hana ni ba, wannan ya fi komai tsorata ni.

Maƙwabcinmu ya kai mu a motarsa. Likitan nan dai muka tarar, da ma'aikaciyar nan. Yana ganinta fuskarsa ta canja. Bai nemi izinina ba wannan karon. Ya sa aka kwantar da ita, ya kama ƙafar daman da ta naɗe ya miƙar da ita a hankali, ya ɗan juya ta. Inna ta ƙwalla ƙara. Haihuwar ƙannena biyar na shaida a gidan nan, ban taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Ya juyo ya ce mini, "Madam, ranar nan na tambaye ki ko ciwon yana hawa sama. Me ta ce?" Na ce, "Ban tambaye ta ba, dokta. Ban iya ba." Bai zage ni ba, na so ma ya zage ni. Ma'aikaciyar ce ta kama hannuna ta fitar da ni bayan labule, ta ce, "Tsaya nan, 'yar fari ce ke, ko? Tun ranar na gane."

Labule ba bango ba ne, duk na ji. Ma'aikaciyar ta koma ciki ta ce, "Munyal, Dada, yi haƙuri, gaya mini daga ina yake farawa." Sai ga Inna tana zuba da Fulatanci, muryarta a shaƙe amma ba ta tsallake komai ba. Ta ce daga can cikin gindin cinya yake tasowa kamar an soka mata tsinke, ya bi ta cikin cinyar ya sauka a gwiwa. Ta ce in ta miƙe ƙafa ya fi tsanani, in ta naɗe yakan lafa. Ta ce duk ranar da ya tashi cikinta yakan ɗaure, wannan karon kwana uku ke nan ko iska ba ta fita ba. Matar ta ce, "To, Dada, me ya hana ki faɗa tuntuni?" Inna ta ce, "Wa zan gaya wa? Ita ce a kaina kullum. Gwiwar kaɗai zan iya nuna mata." Na jingina da bango. Shekara biyu ina murza mata man zafi a inda ta iya nuna mini.

Aka shiga da ita na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, wadda muke ce wa sikana. Da sakamakon ya fito likitan ya kira ni ofishinsa, ya zana mini ƙashin ƙugu a bayan takarda. Ya ce akwai wata 'yar kafa a ƙashin, can ƙasa, da ƙyar ɗan yatsa zai shiga, ta nan ne wata jijiya ke bi ta sauka zuwa gwiwa. Kitse ne ke toshe kafar. In mace ta tsufa ta rame, musamman wadda ta sha haihuwa, kitsen yakan narke, sai hanji ya zurma ciki ya danne jijiyar, mutum ya riƙa jin ciwon a gwiwa. A da yana shiga yana fita, shi ya sa take warkewa washegari. Yanzu ya shiga ya maƙale. Ya ce ƙaba ce. Na ce, "Ƙaba? Ai ta maza ce, kuma ai kumburi take yi a gani." Ya ce mata ma suna yi, wannan irin kuma ba ta fitowa waje ko kaɗan, shi kansa bai ga da yawa ba tun da ya fara aiki. Ya ce dole a buɗe cikin yau, ba gobe ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba, jikinta ya yi rauni ƙwarai, tana iya tafiya a kan gadon aikin.

Na kira babban ƙanena, yana wajen Ngawundare da mota, ya ce in yi abin da ya dace. Na kira auta, ta fashe da kuka, kwananta goma da haihuwa, ba halin ta taso. Aka miƙo mini takarda in sa hannu. Ni da nake duba rubutun yara da jan biro, sa hannuna a ranar ko ni ban gane shi ba.

Wajen azahar aka turo ta a gado mai taya za a shiga da ita ɗakin tiyata. An saka mata roba ta hanci, an rufe ta da koren mayafi, ta ƙanƙance a ciki kamar yarinya. Ina biye da su har bakin ƙofar da ba a wucewa. Sai ta ɗaga hannu aka tsaya. Ta juyo ta dube ni, ni ɗin, ba bango ba, ta kira sunana. Cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Shekara arba'in da uku ina jiran wannan. Na sha tsara yadda zan ji, na ɗauka daɗi zai kashe ni. Wallahi abin da na ji tsoro ne tsagwaronsa, don na san Inna ba za ta karya wannan ba sai ta tabbata ba za mu sake haɗa ido ba. Ta ce, "Farin yadin da na zo da shi daga Makka yana ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Kada ki bari a sayo wani. Ke za ki yi mini wanka, kin ji?" Na ce, "Inna, ki daina." Ta ce, "Kin yi ƙoƙari." Aka tura ta ciki, ƙofar ta rufe.

Na zauna a gindin wata darbejiya da ke gaban ɗakin, cikin matan da ke jinyar nasu, kowacce da tabarmarta da kulolinta. Wata ta miƙo mini mangwaro, na riƙe shi a hannu har ya yi ɗumi. Duk wanda ya fito daga ƙofar nan sai na miƙe. Na yi salla ban san raka'a nawa na yi ba. Ba abin da ke yawo a kaina sai muryata ranar nan, da Faransancina mai kyau, ina cewa ba za ta yarda ba. Da an duba ta a lokacin, da hanjin yana nan da ransa. In ta mutu, mutane za su ce kwana ne ya ƙare, za su zo su yi mini gaisuwa su yaba irin jinyar da na yi, ni kaɗai da mutum biyu a asibitin nan muka san abin da na aikata.

Bayan la'asar likitan ya fito, hularsa jiƙe da gumi, riƙe da ɗan kwanon ƙarfe. Ya nuna mini abin da ya yanke, hanji ne da bai kai taƙi ɗaya ba, ya yi baƙi ƙirin. Ya ce ya mutu a cikin kafar, ya cire shi, ya haɗa bakin biyu ya ɗinke, ya kuma toshe kafar. Tana raye. Na durƙusa zan yi godiya, ya ce in dakata, ba a gama ba. Ɗinkin hanjin tsohuwa mai rama ba lallai ya kama ba. Alamar ya kama ita ce cikin ya motsa, iska ta fita. Kafin nan ba ci ba sha, sai ƙarin ruwa. In kuma zazzaɓi ya zo, cikin ya sake tashi, to ɗinkin ya saki, sai an sake buɗewa, kuma ba ya jin za ta ɗauki na biyu. Sannan ya dube ni sosai ya ce, "Ke ce a kanta. Ki tambaye ta safe da yamma. Wannan karon ki tambaye ta abin da na ce."

Na tambaye ta. Washegari da safe na durƙusa a gefen gadon, a ɗakin mata mai gado shida, na ce, "Inna, kin yi tusa?" Ban taɓa zaton wannan kalmar za ta shiga tsakanina da ita ba. Na so ta harare ni, na so ta juya wa bango ta ce a gaya wa waccan ba ta da kunya. Sai kawai ta girgiza kai, ta kira sunana, ta ce in jiƙa mata leɓe. Da yamma haka. Rana ta biyu haka. Tana riƙe hannuna, tana kiran sunana a kai a kai, ta ce in gyara mata matashi, ta ce in yafe mata. Matan ɗakin suna cewa kai, wannan uwa da son 'yarta take. Ni kuwa kowane kira kamar ana auna mata yadin nan nake ji. Ina taɓa goshinta sau ba adadi, ina satar kallon cikinta ta saman mayafi ko ya ƙaru. Likita yakan zo ya ɗora abin sauraronsa a kai ya daɗe, ya miƙe ya wuce gado na gaba.

Rana ta uku jikinta ya yi ɗumi. Ma'aikaciyar ta auna ta ce bai kai abin tsoro ba tukuna, amma na ga ta koma ta sake aunawa ba a jima ba. Na fita bayan ɗakin, wajen famfo, na yi kukan da ban yi ba tun ranar farko. Na kira ƙanena na ce ya bar kayan ya taho.

Rana ta huɗu da hantsi na dawo daga wanke mata zane. A gadon da ke kusa da nata akwai wata dattijuwa 'yar garin Kolofata da aka yi wa aikin ƙafa, mai son hira, tana jin Hausa sosai. Na ajiye bokiti, na durƙusa kamar kullum, na buɗe baki zan yi tambayata. Inna ba ta dube ni ba. Ta zare hannunta daga nawa, ta ja mayafi ta rufe kafaɗarta da ta kwana uku a buɗe, ta juya fuska wajen dattijuwar.

"Baiwar Allah," ta ce, "ki gaya wa waccan ta je ta ce wa likitanta abin da yake ta nema ya samu. Har sau biyu. Kuma a ce mata ta daina tsaya wa mutane a ka da tambayar banza."

Dattijuwar ta dube ni ta ce, "To, kin dai ji." Na ji. Na fita a guje ba takalmi, ɗankwalina a hannu, ina kuka ina dariya, na tarar da likitan a baranda yana magana da wasu, na katse shi. Faransancin nan da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni, da Hausa na gaya masa, kuma ya gane. Da yamma aka ba ta shayi cokali uku, washegari kunu. Ta kurɓa ta ce wa ƙarfen da ake rataya ruwan, a gaya wa ta Jambutu tsamiyar ta yi yawa.

Yau shekara uku ke nan. Gwiwar ba ta sake ciwo ba, ta koma sallarta a tsaye, yadin yana nan a ƙasan akwati. Duk lokacin da za mu asibiti, ni nake fara neman ma'aikaciyar nan, in kai Inna ciki, in fito in ja musu ƙofa. Tun ranar nan ba ta sake kiran sunana ba, ko da kuskure. Kullum na shiga gidan nakan yi sallama in tsaya a zaure, ina kasa kunne, sai na ji ta ce wa bango, "Waccan ce?" sannan nake cire takalmi.